Guguwa a Waje, Annoba a Ciki: A Zauna ko A Tashi?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Shekararmu biyu ke nan a wani gari da ke kudu da Houston, kan hanyar Galveston, ni da maigidana da yara uku da mahaifiyarsa. Hajiya tana da ciwon suga, kullum sai an yi mata allurar insulin. Maƙwabta suna ta ba mu labarin 2020, lokacin da mahaukaciyar guguwa ta taso ana tsakiyar korona, har abin ya fara hana ni barci. Idan aka sake irin wannan gamo aka ce a tashi, mu kai Hajiya cikin cunkoson matsuguni ta kwaso cuta, ko mu kulle gida mu yi tawakkali? In guguwar ta wuce kuma, ta ina ake farawa?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan hidimar da kike yi mata.

Ba zan ja miki rai ba. Idan hukuma ta ce unguwarku ta tashi saboda ruwan teku na tafe, ku tashi, ko annoba ta kai ina. Na yi aikin duba lafiyar mutanen da aka kwaso daga bakin wannan teku a 2020 da 2021, kuma maganar da muka yi ta nanatawa ke nan har muryarmu ta dushe. Cuta tana da ƙofofi da yawa da ake iya rufe mata: riga-kafi, takunkumi, tazara, ɗaki na daban, taga a buɗe. In ma an kamu akwai likita, akwai kwanakin jinya, kuma akasarin waɗanda suka kwanta suna tashi. Ruwan da ya shigo falo ya kai ƙirji da ƙarfe biyun dare ba ya ba da wannan sarari. A daidai wannan lokacin kuma masu ceto ba sa fita, don idan iska ta kai wani ƙarfi motocin asibiti da na 'yan kwana-kwana a ajiye suke sai ta lafa. Za ki buga 911 a ɗauka, a rubuta adireshinki, a ce ki jira.

Mu mutanen Arewa da an ce guguwa sai hankalinmu ya tafi kan iska, domin ita muka sani, irin ta farkon damina mai yaye kwanon rufi ta kayar da turakun wuta. Matakan nan biyar da kike ji a talabijin ma iskar kaɗai suke aunawa: na 1 yana farawa daga gudun kilomita 119 a awa, na 3 daga 178, na 5 daga 252. Ruwa ba ya cikin lissafin. Alhali da cibiyar sa ido kan guguwa ta Amurka ta bi bayanan shekarun 1963 zuwa 2012, ta tarar kusan tara cikin goma na waɗanda guguwa ta kashe kai tsaye ruwa ne ya ci su, kuma kusan rabi toroƙon teku ne, wato ruwan da iska ke tarawa ta tunkuɗo shi kan tudu. Ki tambayi tsofaffin maƙwabtan naki labarin guguwar Ike. A Satumban 2008 ta sauka Galveston tana mataki na 2 kacal, mutane da dama suka raina ta, amma ruwan da ta turo ya share unguwanni a zirin Bolivar, aka wayi gari sai ginshiƙan gidaje a tsaye. Harvey kuwa a 2017 tsayawa ta yi a kan yankin tana zuba. A Nederland, gabas da ku, an auna ruwa sama da milimita 1,500 cikin 'yan kwanaki, fiye da abin da Kano ke samu a damina guda.

Don haka abin da za ki fara yi, yau ba gobe ba, ki gano ko gidanku yana cikin yankin da ake kwashewa. A wajen Houston da Galveston an kasa unguwanni ne bisa lambar gidan waya, taswirar tana intanet. Amfanin sanin nan biyu ne, domin kamar yadda zama ke kashe wanda ya kamata ya tashi, tashi ma ya taɓa kashe waɗanda ya kamata su zauna. A Satumban 2005, makonni kaɗan bayan guguwar Katrina da ta yi wa New Orleans ɓarna, wata guguwar mai suna Rita ta doso. Tsoro ya sa miliyoyin mutane suka hau titi lokaci guda, har da waɗanda ruwan teku ba zai taɓa isa ƙofarsu ba. Motoci suka maƙale kusan kwana guda cikin zafi, mai ya ƙare, wata bas ɗauke da tsofaffi ta kama wuta kusa da Dallas, mutum 23 suka rasu a ciki. Kimanin mutum ɗari suka mutu a gudun nan, an gudu ba a tsira ba. A lokacin annoba, wanda gidansa ke da ƙwari kuma ba ya yankin ruwa, in ya zauna ya taimaki kansa, ya kuma bar wa mai buƙata ɗakin otal da sararin hanya. Sai dai mai zaune a gidan tafi-da-gidanka ba ya cikin wannan magana, shi ko'ina yake tashi zai yi. Ku ma da kuke da Hajiya lissafinku daban ne, zan dawo kansa.

Ga yadda 2020 ta kasance. A kakar nan guguwa 30 aka raɗa wa suna, har jerin sunaye 21 da aka tanada ya ƙare aka koma haruffan Girka. Huɗu daga ciki a jihar Louisiana suka sauka. Mafi muni ita ce Laura, wadda cikin kwana ɗaya da 'yan awoyi ta tashi daga mataki na 1 zuwa na 4, ta faɗa kusa da Cameron da wajen ƙarfe ɗayan daren 27 ga Agusta da iska mai gudun kilomita 240 a awa, ta bi ta kan Lake Charles. An umarci mutum sama da rabin miliyan a Texas da Louisiana su tashi, har da Galveston da Port Arthur. A lokacin babu allurar korona. Abin da aka saba a baya shi ne a buɗe babban zauren wasanni a jera gadaje, amma kowa ya san abin da hakan ke haifarwa tun kafin korona: a 2005, cikin waɗanda aka kawo Houston daga New Orleans aka tara a harabar babban filin wasa na Astrodome, wata ƙwayar cutar ciki mai sa amai da zawo ta kwantar da mutum sama da dubu. Sai aka sauya dabara. Da yake annoba ta hana masu yawon buɗe ido zuwa, otal-otal na New Orleans wayam suke, gwamnati ta kama ɗakuna ta zuba mutum sama da dubu goma a ciki, kowane iyali da ƙofarsa da banɗakinsa. Bas ɗin da ke cin mutum hamsin ya koma ɗaukar ƙasa da rabi.

A ganina dabarar ta yi kyau, amma kada ki jingina da ita. A Austin, wurin da ake raba takardun ɗakunan otal ya cika tun guguwar ba ta sauka ba, mutane suka kwana a mota. Ba kuma kullum za a samu otal babu kowa ba. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai daga makon nan wata tsohuwa ce a harabar wani otal, zaune a kan akwatinta, takunkumi ya zamo ƙasan hanci, riƙe da leda cike da ƙwayoyin magani da ta juye wuri ɗaya don sauri. Fari, ja, ruwan ɗorawa, babu kwali ko ɗaya. Ba ta san sunan ko guda ba, asibitinta kuma yana can ruwa ya kewaye shi, wayarsu ba ta shiga. Awa biyu muka ɓata ni da wani mai haɗa magani muna duba lambar da ke jikin kowace ƙwaya. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni shirin guguwa nakan fara masa da takarda ɗaya mai ɗauke da sunan kowane magani da awonsa da lokacin shansa. Ki rubuta ta Hajiya, ki ɗauki hotonta a waya, ki tura wa maigida.

Maganar inda za a je, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki tanadi wuri uku a jere. Na farko gidan wani ɗan'uwa ko aboki da ke can cikin tudu. Ba sai kun kai Dallas ba, sau da yawa tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ta fitar da mutum daga hannun ruwan teku. Na biyu otal, a kama ɗaki da wuri, irin wanda ake iya sokewa ba asara. Matsugunin gwamnati shi ne na uku, kuma in ya kama a je shi, a je ba tare da ɗar-ɗar ba. Wanda za ku sauka wajensa ku yi maganar tun yanzu, a fili. Kin san mu da kunya: ba zai iya ce miki a'a ba ranar da kuka buga waya kuna kan hanya, alhali ƙila shi ma yana da tsoho ko mai asma a gida. Ku daddale wane ɗaki za a ware wa Hajiya, wane banɗaki, me za a yi idan wani ya fara tari a ɗaya daga cikin gidajen biyu. Sannan a dakatar da 'yan sannu da zuwa. Da an ji Hajiya ta iso gari, jama'a za su yi ta sallama a zauna a falo ana jajanta wa juna, kowa da kwanon abincinsa. Niyya ce mai kyau, amma a lokacin annoba hanyar da cuta ta fi so ke nan. A gaisa ta waya, kwanon a ajiye a bakin ƙofa.

Idan kun tsinci kanku a matsuguni, ki gaya wa masu rajista tun a ƙofa cewa kuna da tsohuwa mai ciwon suga. Ki nemi gefe, kusa da inda iska ke shigowa, nesa da layin abinci da ƙofar banɗaki inda ƙafa ba ta ɗaukewa. Takunkumin da ya dace da irin wannan wuri shi ne N95, ba na yadi ba. Gadaje a jera su kai da ƙafa. Wanke hannu da sabulu ya fi man goge hannu, musamman kan cutar cikin nan da na ambata, wadda man ba ya kashe ta sosai. In kuma wani daga cikinku ne ba shi da lafiya, kada a ɓoye don tsoron kora. Ba a korar mutum ya koma cikin guguwa, ware masa wuri ake yi. A mota kuwa mara lafiya ya zauna baya da takunkumi, a sassauta gilasai.

Wani dattijo ya taɓa kawo mini hadisin nan da ya hana fita daga garin da annoba ta ɓarke, ya ce shi ba inda za shi. Na ce masa Baba, fatawa ta malamai ce, amma kai ba annoba kake gudu ba, ruwa kake gudu, kuma kare jama'ar da za ka tarar yana hannunka: ka isa ka killace kanka. Ya yi shiru, can ya ce a ɗauko masa buta da carbinsa.

Yaushe ake wannan shiri? Kakar guguwa daga 1 ga Yuni ce zuwa 30 ga Nuwamba, amma zafinta daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Wani abin da zai ba ki mamaki, da yawa daga cikin manyan guguwowin nan 'yan gidanmu ne. Hadarin da ke tasowa daga gabas a tsakiyar damina, ya ratsa Chadi ya bi ta kan Damagaram da Kano ya nufi yamma duk bayan kwana uku zuwa biyar, shi ne yake faɗawa tekun Atilantika ta gaɓar Senegal, in ya samu ruwa mai ɗumi ya fara juyawa. Laura ma daga nan ta fito. Irin waɗannan ana hango su tun da sauran mako guda ko fiye. Amma akwai masu haɗuwa a kusa. Ida a 2021 kwana uku kacal ta yi tsakanin haɗuwarta da saukarta, har hukumomin New Orleans suka ce lokaci bai isa a kwashe birnin gaba ɗaya ba. Sanarwar gargaɗi ta farko daga hukuma takan zo awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso, ta biyu awa 36. Wanda ya jira su kafin ya je kanti zai tarar da layi da kantoci wayam, kuma a lokacin annoba layin kansa haɗari ne. Ki riƙa tarawa kaɗan-kaɗan tun watan Mayu, tankin mota kuma kada ya sauka ƙasa da rabi har kakar ta fita.

Ruwan sha kusan lita 4 ga kowane mutum a rana, ni nakan ce a yi lissafin mako guda. Ku shida ne, wato lita 24 kullum, ban da na alwala da banɗaki, wanda za ki tara a bahon wanka kafin guguwar ta iso. Abinci a nan mun fi Turawa sa'a: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, dambun nama, gyaɗa, madarar gari, kifin gwangwani, duk ba ruwansu da firji ko wuta. Zai kuma raba ku da tambayar halal a matsuguni, inda abin da aka samu ake rabawa. Sai dai Hajiya ba za ta rayu a kan gari da dabino ba, ki tanadar mata abin da ba zai harba sugan sama ba, ki kuma ajiye 'yar alewa ko lemon kwali don in ya faɗi. Tocila da batir, ƙaramar rediyo, kuɗi a hannu saboda na'urar kati ba ta aiki in babu wuta. Fasfo, takardun zama, na haihuwar yara, na inshora, duk a leda mai zif.

Insulin ɗin fa? Kwalbar da aka fitar daga firji tana iya kai kwana 28 muddin zafi bai wuce digiri 30 ba. Matsalar ita ce gidan Houston da babu wuta a watan Agusta yana wuce haka tun hantsi. Ki samu ƙaramar kula, ki naɗe kwalbar da tawul don kada ta taɓa ƙanƙara, domin wanda ya daskare ya lalace ko da ya narke. Dabarar randa da jiƙaƙƙen tsumma da ke aiki a Katsina ba ta cika aiki a nan ba, iskar bakin teku a jiƙe take. Ki nemi likitanta ya rubuta ƙari tun kafin kaka, tare da allurai da tsinken gwaji. Ki kuma buga 211 ki sa sunanta a rajistar da Texas ke yi wa tsofaffi da masu lalura, don a san da ita in an zo kwasa. Duk allurar riga-kafin da likita ya ce, a yi ta da wuri, jiki yana buƙatar kamar mako biyu kafin ta kama.

Yanzu ga ɓangaren da na fi so ki riƙe, domin shi ne mutane suka fi sakaci da shi. Guguwa awoyi take yi ta wuce. Makonnin da ke biye da ita su ne suke cin mutane a hankali, bayan 'yan jarida sun naɗe kayansu.

Janareto ne kan gaba. Bayan Laura, a Lake Charles, mutum biyar 'yan gida ɗaya sun tsira daga iskar guguwar, sannan suka mutu saboda injin da aka kunna a garejin da ke manne da gidan. Hayaƙin inji yana ɗauke da wata guba, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mai barci ba ya farkawa. Mu 'yan Najeriya muna ganin mun gama sanin janareto, da shi muka tashi, kuma wannan sanin ne yake cutar mu. A gida ana ajiye shi a tsakar gida ko baranda, gini na bulo, tagogi a buɗe, duk da haka muna jin labarin iyalan da aka wayi gari babu su. Gidan Amurka kuwa a toshe yake ruf don sanyin na'ura kada ya fita, abin da ya shiga ya zauna. Injin ya kasance a waje, aƙalla mita 6 daga gida, bakin hayaƙin yana kallon nesa da taga. Ba a gareji ba, ko da ƙofar a wangale take. In ɓarawo ake tsoro a saya masa sarƙa da kwaɗo. Haka gawayi da kurfoti da murhun gashi, kada su shigo ciki. Ki sayi na'urar da ke ƙara in ta shaƙi gubar, mai batir, ki maƙala kusa da ɗakunan barci, kuɗinta bai kai na cefanen kwana biyu ba. Ga kuma tarkon da annoba ke ƙarawa: alamun gubar su ne ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya. A 2020 duk wanda ya ji haka sai ya ce korona ce, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa don kare iyalinsa. In kin ga mutum biyu ko uku sun kamu da ciwon kai lokaci guda, babu zazzaɓi, inji kuma yana aiki, ki fitar da kowa waje tukuna, sannan a yi tunanin cuta.

Sai zafi. A Yulin 2024 Beryl, mai mataki na 1 kawai, ta raba gidaje da shaguna sama da miliyan biyu da wuta a yankin Houston, wasu fiye da mako guda, kuma tsofaffi sun mutu a ɗakunansu saboda zafi. Lissafin Hajiya da na ce zan dawo kansa ke nan. Ko gidanku ba ya yankin ruwa, in an kwana biyu babu wuta babu alamarta, ku kai ta inda akwai sanyi. Kada ku ce za ku lallaɓa, in ta rikice a garzaya asibiti, domin a haɗuwar annoba da guguwa asibiti ne wurin da ya fi kowa shiga uku. Ida ta sauka ranar 29 ga Agustan 2021, daidai shekara 16 da Katrina, lokacin da nau'in korona na Delta ya cika gadajen Louisiana. Gwamnan jihar na lokacin, John Bel Edwards, ya faɗa a fili cewa kwashe manyan asibitoci ba zai yiwu ba, don babu inda za a kai marasa lafiyar. Manyan layukan wuta takwas da ke shiga New Orleans duk suka daina aiki. Tsofaffi sama da 800 daga gidajen kula da gajiyayyu aka tara a wani sito a garin Independence, kan katifu a ƙasa, aƙalla bakwai suka rasu. Duk ciwon da za a iya kauce masa a wannan mako, a kauce masa: kada maigida ya hau rufi shi kaɗai, kada ya fara koyon zarto mai inji a kan bishiyar da ta faɗi, kada a kusanci wayar wuta da ke ƙasa.

Ruwan da ya kwanta a titi ba ruwan sama ba ne kaɗai, akwai na masai da mai da gubar masana'antu a ciki. Mai gudu in ya kai santimita 15 yana kayar da babba, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota. Hajiya kada ƙafarta ta taɓa shi ko kaɗan. Ruwan gishirin wannan gaɓa yana da wata ƙwayar cuta, Vibrio, mai shiga ta ɗan ƙaramin rauni ta ci nama cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma masu ciwon suga da na hanta ta fi kamawa. Ruwan famfo a ɗauka gurɓatacce ne sai hukuma ta ce an gyara. A tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, in babu wuta a ɗiga bilic mara ƙamshi ɗigo 8 a lita 4, a jira rabin awa. Firji in ba a buɗe ba yana riƙe abinci awa 4, firiza cike maƙil awa 48. Bayan haka naman layyar nan da kike ta adanawa, haƙuri za ki yi ki zubar. Na san da ciwo.

In ruwa ya shiga gida, kafin a taɓa komai a ɗauki hoto da bidiyo, ɗaki-ɗaki, da layin da ruwa ya bari a bango, da lambar jikin kowace na'ura. A 2020 masu duba ɓarna na hukumar agaji ta FEMA ta waya suka riƙa yin aikin saboda korona, wanda ke da hotuna shi ya fi samun sauƙi. Daga nan sai sauri, don funfuna tana kama jiƙaƙƙen gida cikin awa 24 zuwa 48. Bangon gidajen can ba siminti ba ne da za a jira rana ta busar, allo ne na farar ƙasa da takarda, bayansa kuma auduga mai shan ruwa. Yanke shi ake yi sama da inda ruwa ya tsaya, a fitar da kafet da katifu. Mai aikin ya sa N95 da safar hannu da takalmin roba, kada kuma a haɗa bilic da wani maganin wanki, musamman mai amoniya, hayaƙinsu yana ƙona huhu. Hajiya da yara ba su da aiki a gidan sai ya bushe. Mu da muka saba da gayya, a lokacin annoba a rage hannu: mutum uku ko huɗu, tagogi a buɗe, a ci abinci a waje. Masu gyaran rufi kuma za su cika unguwa da motoci masu lambar wasu jihohi. Akwai na kirki a ciki, amma duk wanda ya ce a biya shi duka kafin ya ɗora ƙusa, a sallame shi.

Ana ba da kwana 60 daga ranar da aka ayyana bala'i don neman tallafin FEMA. Tallafin kuɗi yana da sharaɗin takardun zama, amma iyaye suna iya nema da sunan ɗansu ƙarami in ɗan ƙasa ne, matsuguni da abinci da ruwa kuwa na kowa ne. A riƙa adana rasit na otal da na mai da na kayan gyara. Kada kuma a kwance jakar tafiya don an ga guguwa ta wuce. Mutanen Lake Charles suna cikin ɗaura shuɗin tampol a rufinsu, mako shida bayan Laura, wata guguwar mai suna Delta ta sauka ranar 9 ga Oktoba kusan a wuri ɗaya, ta kwashe tampol ɗin, ta mayar da tarkacen da aka tara a bakin titi abin jifa.

Akwai abu ɗaya da ba ya jira, shi ya sa na bar shi a nan don kada ya ɓace a tsakiya. Inshorar gida da aka saba yi a Amurka, ta mai gida ko ta ɗan haya, ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Wannan daban ake sayenta, kuma ta gwamnatin tarayya sai ta kwana 30 kafin ta fara aiki, ba a sayenta ranar da aka ga guguwa a taswira. Ki sa maigida ya ɗauko takardar taku da daren nan ku duba tare. In haya kuke, akwai wadda ke rufe kayan ɗaki kaɗai, ba ta da tsada sosai.

A gaishe da Hajiya da jiki.